Murfin gilashin matuƙi

Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Sati uku ina kan haɗa ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙi na Spitfire ɗina na roba, mai ma'aunin 1/72 (wato an rage girman jirgin na gaske sau 72), na cike tsaga, na goge, fenti ya kwanta lumui. Saura murfin gilashin matuƙi kawai. Ashe masu ƙera kayan sun maƙala shi a jikin firam ɗin robar da sassan ke zuwa a kai da mahaɗi mai kauri, daidai inda ido ke fara sauka. Robar nan mai haske ba ta da haƙuri ko kaɗan, ina datsewa ta yi fari fat, ta tsage. Da a fiffike ne, fenti ya rufa asiri, amma gilashi me zai rufe shi? Don Allah, mayar da mahaɗin nan can gefe wahala ce?