Bayan dubiya, wa zai riƙe masa wurinsa?

'Yan'uwana matasan Garwa, Marwa da Ngaundere, wajen dubiya kam ba a bar mu a baya ba. Ranar da aka ce wane ya faɗi da babur, kafin la'asar asibiti ya cika, mai kunu da mai lemo, kowa na "Allah ya sa kaffara ne". Madalla, haƙƙin musulmi ne a kan ɗan'uwansa. Amma ina muke shiga bayan wata uku, lokacin da aka kwance ɗori, mutum ya fara dogara sanda yana neman komawa bakin sana'arsa? A nan ne ya fi bukatarmu, a nan ne kuma muke watsewa.

Ku dubi mai kilando, wato ɗan acaɓa, da ƙashin ƙaurinsa ya karye. Babur ɗin ba nasa ba ne. Tun sati bai cika ba maigidan ya miƙa wa wani makulli. Ga bashin magani, ga kuɗin haya, ga yara. Sai ka gan shi ya aro wani babur yana buga kik da ƙafar da ba ta gama haɗewa ba, yana cije leɓe, gumi na zuba, ya ce maka "ai na warke". Bai warke ba, yunwa ce ta fito da shi. Irin wannan karaya takan ɗauki watanni kafin ta iya ɗaukar nauyi, kuma in ta sake tsagewa, jinyar ta biyu ta fi ta farko tsawo da tsada.

Don Allah, in kai ne mai babur, ka ba wani riƙon ƙwarya, ka faɗa masa a gaban shaidu cewa na wane ne in ya tashi. In kai ne mai gareji ko shagon ɗinki, ka dawo da yaronka da kaɗan-kaɗan. Ya fara da rabin yini, a zaune: karɓar kuɗi, yanka yadi, wanke kabireta, lura da almajirai. Kada ka ɗora masa ɗaga inji a zafin Afrilu. Ku 'yan adashi, me zai hana ku matso masa da kwasarsa gaba ya samu jari? Mutumin da ya daɗe a kwance, zaman gida kan cinye masa zuciya fiye da ciwon. Ya fito, a gaisa da shi, a tambaye shi shawara kan aiki, wannan ma magani ne.

Wani abin da ke min ciwo shi ne ƙyama. Mai tarin fuka yana shan magani wata 6, kuma in yana sha yadda aka tsara, bayan 'yan makonni haɗarin ya shafa wa wani yakan ragu ƙwarai. Likita ya sallame shi ya koma aiki, amma mu mun ware masa kofin shayi har abada. Wannan zalunci ne, kuma shi ke sa wasu ɓoye tari har ya ci ƙarfinsu.

Masu aikin albashi kuma, ku san haƙƙinku. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce rashin lafiyar da likita ya tabbatar dakatar da kwantiragi take yi har wata 6, ba yanke shi ba. In a bakin aiki aka ji rauni, wajibi ne wanda ya ɗauki ma'aikacin aiki ya sanar da CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, cikin kwana 3 na aiki, domin ita ke ɗaukar magani da diyya. Ku adana kowace takardar likita da rasit. Wanda bai iya Faransanci ba, ɗayanku da ya yi boko ya raka shi ofishin sufeton ƙwadago, ya zauna da shi har a gama cike takardun.