Mai gyara ya sauya mini manhajar kwamfuta, ya kuma ci mini mutunci a kan linzami

Ranar Asabar da ta wuce na fito daga shagon wani mai gyaran kwamfuta raina a ɓace, kuma har yanzu ban huce ba. Shekara bakwai ke nan ina aiki da kwamfutata ta tafi-da-gidanka wajen tsara tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai. Da aka daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro daga 14 ga Oktoba 2025, ga shi tawa ba ta da guntun TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta da Windows 11 ke buƙata, sai na kai ta a ɗora mata manhajar Linux Mint a madadin Windows, domin albashin malami ba ya sayen sabuwa. Abin da ya yanka mini na biya, ban nemi ragi ba.

Da na isa gida na ɗora yatsu biyu a kan faifan shafawa, wato wurin da ake shafawa da yatsa a madadin linzami, don in gangara da shafi, sai shafin ya haura sama, in na nufi sama kuma ya yi ƙasa. Wanda ya taɓa shigar da makin ɗalibai sittin a jadawali ya san ɓarnar da wannan ke iya yi.

Na koma shagon, na yi sallama, bai amsa ba, idonsa na kan waya. Na yi masa bayani a tsanake, sai ya ce, "Baba, ai kwamfutar ce ta tsufa." Na ce masa, "Yaro, jiya da na kawo ta lafiyarta lau, manhaja kawai ka sauya." Ya miƙo yatsa ɗaya ya shafi faifan, ko buɗe saituna bai yi ba, ya ce faifan ya mutu, sai an sa sabo, in kawo dubu goma sha takwas. Na tambaye shi ta yaya abin da ya mutu yake motsa kibiya a allo. Ya yi tsaki, ya juya wa abokansa ya ce, "Ka ji matsalar tsofaffi, ba su san kwamfuta ba, sai gardama." Suka kwashe da dariya a gabana, ni da na koyar da sa'o'in yayyensu.

Da daddare wani tsohon ɗalibina ya zo, ya buɗe saitunan linzami da faifan shafawa, ya kashe zaɓin da ke juya alkiblar gangarawa, ya tabbatar an zaɓi gangarawa da yatsu biyu, shi ke nan. Ya bayyana mini cewa kowace manhaja tana zuwa da nata tsarin, kuma a Linux wata 'yar manhaja mai suna libinput ce ke kula da faifan, saboda haka wajibi ne wanda ya ɗora manhaja ya gwada wannan kafin ya miƙa kwamfuta. Aikin bai kai minti biyu ba.

Wannan ba shi ne karo na farko ba, domin an taɓa sa mini tsohon batiri a matsayin sabo, an kuma taɓa goge mini takardun shekara uku ba ko neman afuwa. Laifin gwamnati ne da ta mayar da rajista, neman aiki da jarrabawar shiga jami'a duk kan kwamfuta, amma ta bar duk wanda ya mallaki sukurudireba da filashi ya kira kansa injiniya, babu shaidar horo, babu mai sa ido. Mu ma jama'a muna da namu, don mun saba a cuce mu mu ce a bar wa Allah, sannan gobe mu tura ɗan'uwanmu shagon. Ko rasit yaron nan bai ba ni ba, kuma na tabbata akwai wanda ya biya dubu goma sha takwas ɗin nan kafin ni.