Kuna son mace ta karɓi haihuwar matanku, to wa zai kama wa ɗalibar nas aikin gida?

Ban taɓa jin magidancin da ya kai iyalinsa haihuwa asibiti yana fatan ya tarar da namiji a ɗakin ba. Kowa mace yake nema. Wasu ma da zarar an ce babu mace a bakin aiki sai su juya da mai naƙuda gida, abin da Allah ya yi shi ke nan. Ban ga laifin wannan kishin ba, ni ma mace ce, na san abin da ake ji a kan gadon nan. Abin da ke ci min rai shi ne an manta cewa macen da ake son a tarar ɗin 'yar wani ce, matar wani ce, uwar wasu ce, kuma kafin ta tsaya a ɗakin haihuwa da fararen kaya sai da ta shekara uku ko fiye tana raba kanta tsakanin aji, asibiti da murhu. Ina cikin waɗannan matan, ga aure ga yara ga shekarar ƙarshe a makaranta, shi ya sa yau zan yi maganar ba ɓoye-ɓoye.

Mutane da yawa sun ɗauka makarantar koyon aikin jinya kamar sauran makarantu take, ranar da ba ka je lakca ba sai ka ari littafin wani ka kwafa. Ko kusa. Kafin a ɗauke ki sai kin kawo kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistri da Bayoloji. Kina shiga sai wata shidan farko da muke kira PTS, a ƙarshensa a yi jarabawar tankaɗe da rairaya, wadda ta faɗi ta tattara kayanta. A wata shidan nan ake ɗura miki sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da yadda zuciya ke harba jini, cikin Turancin da ko a sakandare ba ki taɓa jin irinsa ba. Wadda ta tsallake ce ake tura sunanta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ita ce za ta yi miki jarabawar ƙarshe, ta kwamfuta da ta gwajin aiki a gaban masu sa ido, ita ce kuma ke ba da lasisi.

Daga nan karatu ya rabu biyu, wasu makonni a aji, wasu a asibiti. Na asibitin ne mutanen gida ba su gane ba. Akwai aikin safe, akwai na rana, akwai na dare da ake kwana a tsaye. Akwai littafin da sai sista ta ga kin yi aiki da hannunki sannan ta sa miki hannu: allura, wankin ciwo, sa robar fitsari, ɗaura ƙarin ruwa, juya marar lafiyar da ba ya iya motsi don kada bayansa ya yi gyambo. Ranar da kika rasa, bashi ne, sai kin biya ta. Kuma idan kika makara da safe, ba kanki kaɗai kika cuta ba, domin wadda ta kwana ba za ta tafi ba sai ta miƙa marasa lafiya gado bayan gado, ita ma kuma yara na jiran ta a gida.

To ga yadda ranar matar aure take a cikin wannan tsarin. Kafin kiran assalatu ta tashi ta ɗora ruwa. Ta yi wa yara wanka, ta ba su kari, ta shirya su makaranta, ta dafa abincin rana ta zuba a kula saboda ba ta nan lokacin da za a neme shi. Ta fita neman adaidaita sahu, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya ninka, sau da yawa kuma hawa biyu ne kafin ta isa. Ta wuni a tsaye. Ta dawo ta tarar da kwanukan safe inda ta bar su, yara za su Islamiyya ba a wanke musu kaya ba, ga tuwon dare. Sai bayan isha, gida ya yi shiru, sannan ta buɗe littafin ilimin magunguna, yawanci da fitilar waya don an ɗauke wuta. Abin da za ta iya riƙewa a irin wannan lokacin, kowa ya auna da kansa.

Mafi tsanani shi ne washegarin aikin dare. Mace ta shigo gida ƙarfe tara na safe idonta kamar garwashi, amma a idon mutanen gida ai "tana gida yau". Ranar ce za a tara mata wanki, ranar ce baƙi za su zo, ranar ce za a ce ta raka wance dubiya. Barcin mace da rana a gidajenmu lalaci ake ɗaukar sa, ko da kwana ta yi tana gadin rayukan mutane. Ni kuma ina so duk mai karanta wannan ya tsaya a nan ya yi tunani, domin gajiyar nan ba a gida take tsayawa ba. Da ita za a koma asibiti da daddare. Da ita za a lissafa yawan maganin da za a ba jariri gwargwadon nauyinsa, da ita za a ƙirga ɗigon ƙarin ruwa, da ita za a auna jinin mai ciki. Idan jinin mai ciki ya hau ba a lura ba, jijjiga ce ke biyo baya, jijjiga da zubar jini kuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. Wanda ya hana matarsa barcin awa huɗu saboda shi ba ya cin abincin da ya kwana a kula, bai san a gadon wa gajiyar za ta sauka ba.

Za ka ji namiji yana cewa, "Ai ni na bar ta tana karatu." Allah ya saka da alheri, da gaske nake, domin akwai waɗanda ko wannan ba su yi ba. Amma izini daban, taimako daban. Idan ka ce ta je, sannan komai na gida ya tsaya yadda yake, girki sau uku, reno, wanki, tarbar baƙi, duk a kanta, to kaya ka ƙara mata. A Sahihul Bukhari an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Kai yara makaranta, sayo abinci a waje ranar da ta kwana a asibiti, riƙe jariri awa biyu ta yi bita, babu wanda zai rage wa namiji girma a cikinsu.

Kuma na ga gidajen da aka yi. Na san 'yar ajinmu da abokiyar zamanta ke musanya mata ranar girki duk lokacin da ta faɗa a aikin dare, ba tare da an kai ƙara wajen maigida ba. Na san wadda uwar mijinta ta ce, "Kawo min yaron nan, ke je ki yi abin da ke gabanki." Waɗannan matan ba za a kira sunansu ranar yaye ɗalibai ba, amma rabin takardar tasu ce.

Sai maganar dangi. Ki rasa suna ɗaya ko wunin biki saboda kina asibiti, sai a ce boko ya shiga kanki, kin yar da zumunci. Su ɗin dai kuma, da yaro ya yi zazzaɓi, ke za a fara kira, wai "likitar gidanmu". A sayo allura a kemis a kawo miki ki yi, a ce ki zo ki ɗaura wa Baba ƙarin ruwa a ɗaki. Idan kika ce ke ɗaliba ce, ba ki da lasisi, ba ki san abin da ke damun sa ba sai an yi gwaji, a kai shi asibiti, sai a ce girman kai ne. 'Yan uwa, ƙin da muke yi tausayi ne. Ruwan da aka ɗaura wa mai ciwon zuciya ko na ƙoda ba bisa ƙa'ida ba yana iya zama ajalinsa. 'Yan matan da ke gaban iyayensu ma ba su tsira ba, musamman babbar 'ya, ita ce mai girki, ita ce mai reno, ita ce kuma nas ɗin unguwa kyauta.

Masu cewa wace irin matar aure ce ke kwana a waje, ba zan ja da su da yawa ba. Haihuwa ba ta san dare ba. Rufaida al-Aslamiyya a zamanin Annabi ta kafa tantinta tana jinyar waɗanda suka ji rauni, a can aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Wanda ke son mace ta karɓi haihuwar matarsa ƙarfe uku na dare, ya yarda ke nan matar wani ta kwana a asibiti.

Makarantun ma akwai nasu. A aji ana koya mana mu gaya wa uwa ta shayar da nono zalla wata shida, ko ruwa kada ta ba jariri. Muna tsayawa a gaban masu awon ciki muna faɗa musu haka. Amma ɗalibar da ta haihu, da ta yi arba'in, wata ma kafin nan, ta dawo aji ta bar jaririn a hannun ƙanwa da madarar gwangwani, saboda babu inda za ta ajiye shi a makaranta, ba kuma za a bar ta ta shiga da goyo ba. Na ga mace nono ya cika ya jiƙa mata riga tana tsakiyar lakca, tana rufewa da hijabi. A wasu wuraren kuma ciki na nufin asarar shekara guda. Alhali an gwada maganin wannan a nan Arewa an ga amfaninsa. Shirin nan na Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020, a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno, ya ɗauko mata daga ƙauyuka, ciki har da matan aure, ya ba su shekarar share fage don su cike gurbin darussan kimiyya, aka kuma tanadi ɗakunan reno da masaukin masu goyo a makarantu. Da yardar mazajensu da masu garinsu suka zo, da sharaɗin su koma su yi wa garinsu aiki. Abin da kuɗin tallafi na waje ya nuna yana yiwuwa, bai kamata ya gagari kasafin kuɗin jiha ba.

Na san za a ce, to ta gama karatun mana kafin ta yi aure. Mai iya hakan ta yi, babu laifi. Amma a nan yankinmu 'yan mata da yawa kafin su cika 18 an ɗaura musu aure, musamman a karkara inda aka fi rashin ma'aikata. Idan aka rufe wa matan aure ƙofa, waɗancan garuruwan ba za su taɓa samun tasu ungozoma mai ilimi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ke samun kulawar ƙwararru, Arewa maso Yamma kuma tana can ƙasa da haka sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar nan sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A farkon 2024 kuma magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ya ce ma'aikatan jinya 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Ban zargi masu tafiya Ingila ko Saudiyya ba, albashin nan kowa ya san shi. Amma mu tambayi kanmu, wa zai zauna? Matar da mijinta ke kasuwa a garin, 'ya'yanta na makaranta a garin, iyayenta na unguwar gaba, ita ce za a tarar a ƙaramin asibitin nan bayan shekara ashirin. Ita ce kuma aka fi bari ta faɗi a hanya.

Gwamnati ta faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai, sababbin makarantu na ta buɗewa, kowa na murna da yawan waɗanda suka shiga. Ni waɗanda suka fita ba su gama ba ne ke damu na. Kowace makaranta tana da rajistarsu. Kwamishinonin lafiya da shugabannin kwalejoji su buɗe ta, su ga nawa ne suka ajiye karatu bayan haihuwa, sannan su gwada da kuɗin ware ɗaki ɗaya kusa da aji da ɗaukar masu reno biyu. Mazaje kuma, jarabawar hukuma ta aikin jinya a watan Mayu da Nuwamba ake yin ta. Wanda matarsa za ta rubuta jarabawar, tun wata guda kafin nan ya zauna da ita su tsara wanda zai kai yara makaranta da inda abincin dare zai fito.