Ɗalibin da ya ga ɓarna a waya, wa zai gaya wa?

Idan hoton wata ɗaliba ya fara yawo a zauren WhatsApp na wata koleji ko lise a Maradi, ko wani ya matsa mata cewa ta turo kuɗi ko ya watsa abin da ke hannunsa, ƴan ajinta ne ke fara sani, malamai da iyaye kuwa sai magana ta gama zaga unguwa. Yaran suna yin shiru domin sun san cewa wanda ya shiga ofishin darakta da irin wannan magana, kafin a tashi daga makaranta an laƙa masa sunan munafuki. Ita kuma yarinyar tana tsoron gida fiye da mai yi mata barazana, don hukuncin farko shi ne a karɓe wayar, na biyu a cire ta daga karatu. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, wannan tsoro yana da tushe.

Doka tana nan. Tun watan Yuli na 2019 Nijar take da dokar hukunta laifukan intanet, akwai kuma hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan sirri na jama'a. Sai dai doka tana jiran mai ƙara ne, mai ƙara kuma sai ya je komisariya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Kiran waya ma ba ya ɓoye mutum, tunda kowane layi an yi masa rajista da takardar shaida, sau da yawa ta uwa ko ta yaya.

Wasu za su ce manhajojin suna da wurin kai ƙorafi. Suna da shi, amma a duba inda yake tsayawa. Wanda ya kai ƙarar wata lamba a WhatsApp, saƙonni 5 na ƙarshe ne ke tafiya wurin kamfanin, kuma iyakar abin da za a yi shi ne a rufe asusun. Mai laifin ya sayi sabon layi a bakin kasuwa ya ci gaba. Shafin Take It Down, wanda wata cibiyar kare yara ta Amurka ta buɗe, yana taimaka wa ƴan ƙasa da shekara 18 su toshe hoton tsiraicinsu a Facebook da Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayarsu ba, amma ba ya isa cikin saƙonnin WhatsApp, inda mafi yawan ɓarnar tamu take.

A ganina kowace makarantar sakandare tana bukatar hanyar da ɗalibi zai tsegunta abin da ya gani ba tare da an san shi ba. Jihar Kolorado ta Amurka ta kafa irin wannan tsari, Safe2Tell, a 2004 bayan harin makarantar Columbine na 1999, saboda an gane cewa galibi akwai yaran da ke da masaniya tun kafin abu ya faru. Mu ba sai mun jira manhaja ba. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu ya isa, a kafa shi inda kowa ke wucewa, kamar hanyar famfo, kada a ajiye shi a ƙofar darakta inda duk wanda ya tsaya an gan shi.

Babbar hujjar masu adawa ita ce ƙage, kuma hujja ce mai nauyi, don inda babu suna, hassada da gabar samartaka za su sami ƙofa. Amsarta tana ga yadda za a ɗauki takardar. Takarda marar suna dalili ce ta a bincika a asirce, ba ta isa a kori yaro ko a kira iyayensa gaban jama'a ba, kuma wanda ya karanta ta ya fara da ganin yarinyar a keɓe, ya tambaye ta abin da take so a yi.

Wanda ke riƙe da mabuɗi shi ne zai sa tsarin ya rayu ko ya mutu. Ɗaya ya kasance a hannun wata uwa daga ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, ɗaya a hannun malamin da ɗalibai suka zaɓa da kansu, a buɗe akwatin sau biyu a mako, kwamitin COGES mai kula da tafiyar da makarantar kuma ya riƙa jin adadin ƙorafe-ƙorafen ba tare da sunaye ba. Abin da ya shafi barazana ko hoton tsiraicin yaro a miƙa shi ga sashen ƴan sanda mai kula da ƙananan yara. Idan kuwa sunan da ke cikin takardar na malami ne, to kada ta kwana a makarantar, a kai ta ofishin sufeton ilimi kai tsaye.