Ajiya daban, ɓoyewa daban

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata a kan bidiyon nan amma yau kam na kasa. Yaro ya ɗauki waya ya leƙa ta tagar sito ya ga buhuna a jere, ko sallama bai yi wa kowa ba a garin, ya saki a Facebook wai ya bankaɗo masu ɓoye abinci a ƙasar Daura. Kafin la'asar jama'a sun cika ƙasan kwament da Allah ya isa, wasu har cewa suke a je a fasa a kwashe. Innalillahi. A fasa sito ɗin wa? Na talakawan da suka tara da guminsu dami-dami?

Ni na san sito ɗin nan, ƙauyen kakannina ne, na san ranar da aka aza harsashinsa. Na ƙungiyar manoman garin ne, su suka kafa abinsu, babu hannun gwamnati, babu na ɗan siyasa, kuma babu wanda ake biya albashi ko sisi. Shugabansu dattijo ne da idan ka kama hannunsa za ku gaisa sai ka ji kamar ka kama ɓawon itace saboda kanta. Mai riƙe musu littafi malamin firamare ne da ya yi ritaya, har yau da jan biro yake rubuta wanda ya karɓa da wanda ya kawo. Ƙofar kwaɗo uku gare ta, makulli ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin wata inna da mata suka zaɓa, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ƙuli-ƙuli take yi. Idan mutum ukun nan ba su haɗu ba ƙofa ba ta buɗuwa. Dan Allah wane mai ɓoye abinci ne ke ba liman makullin sito ɗinsa?

Jama'a ajiya daban, ɓoyewa daban. Wanda bai san wannan ba bai san noma ba, bai san yunwar marka ba.

Bari in faɗa wa 'yan birni yadda abin yake, don na lura da yawa masu zagin a buhun shinkafa suka san abinci. Da kaka manomi bashi ne a wuyansa ta ko'ina, na taki, na ƙwadago, ga kuɗin makarantar yara, ga auren da aka ɗaga sai an yi girbi. Kowa ya fito da hatsi lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, 'yan sari su zo da motoci su kwashe, wani ya nufi kasuwar Mai'adua, wani Dawanau a Kano, wani ya tsallaka Nijar. To sai ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, rumbu ya koma wayam sabon gero bai nuna ba, manomin nan da ya sayar da araha shi ne zai dawo kasuwa da ɗan buhunsa yana awon tiya ɗaya da tsada, geron da shi ya noma. Idan babu kuɗin sai ya tafi ƙwadago gonar wani don a samu na tuwon dare, tasa gonar ciyawa ta cinye, amfanin baɗi ya ragu, bashi ya ƙaru. Haka ake ta zagaye shekara da shekaru. Wannan zagayen ne mutanen nan suka zauna a gindin bishiya suka ce sai sun karya.

Abin da suke yi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani dami biyu wani biyar, da ɗan kuɗin da ke asusu kuma su sayi na wanda ya matsu, a hana shi kai wa ɗan sari a wulaƙance. A sussuka, a sheƙe, a zuba a buhu a rufe. Idan marka ta yi a yi shela a masallaci a buɗe, a sayar ƙasa da farashin kasuwa, kuma akwai iyaka, gida ɗaya ba ya wuce tiyoyin da aka yanka a sati, don kar wani mai kuɗi ya turo yara su saye ya kai kasuwa. Wanda ba shi da ko kwabo a ba shi rance ya biya da kaka, tiya da tiya babu ƙari, don sun tambayi malamai an gaya musu ƙari a rancen hatsi riba ce. Marayu da tsofaffin da ba su da kowa kuwa akwai kasonsu daga zakkar da wasu ke kawowa, ushirin noman damina, ɗaya cikin goma.

Na taɓa tsayawa a wurin ranar buɗewa bara, ana yayyafi. Wata tsohuwa ta zo da ƙwarya a lulluɓe cikin mayafi don kar a ga abin da ya kawo ta, innar nan mai makulli ta hango ta, ta jawo ta gefe ta ce "Yaya kawo nan, ba sai kin bi layi ba," ta auna mata ta ƙara da hannu ta rufe mata da faifai. Malam mai littafi ya ɗaga kai zai tambayi suna, ta girgiza mashi kai, ya rubuta a nata. Wallahi na juya baya don kar a ga idona. Waɗannan ne aka kwana biyu ana tsine wa.

Na ga masu cewa ai a halin da ake ciki duk wanda aka gani da buhuna dole a zarge shi. Eh an sha wuya, ban musa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan kowace tiya, aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkinsu a shekarar, ga 'yan bindiga sun hana noma a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa, yankunan da ke ciyar da jihar nan. Har a Kano an rufe wasu manyan sito a Dawanau farkon 2024 kan zargin ɓoye kaya. Masu ɓoyewa suna nan, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce babu mai yin haka sai mai zunubi. Amma fushinka ba hujja ba ne a kan wanda bai yi maka komai ba. Mai ɓoyewa jira yake farashi ya kai ƙololuwa ya sayar wa wanda ya fi biya, waɗannan kuwa jira suke yunwa ta zo su karya farashin. Tambaya biyu kawai za ka yi, yaushe ake buɗewa kuma nawa ake sayarwa, da ka gane wa kake kallo. Annabi Yusuf (AS) ma ai ajiya ya yi umarni da ita, shekara bakwai a bar hatsi cikin zangarniyarsa, duk mun karanta a allo, ko shi ma za a ɗauka a bidiyo?

Wani kuma ya ce to me ya sa ba su fito sun yi bayani ba. A ina? Dattijon nan wayarsa mai tocila ce, bai san an yi bidiyon ba sai da jikansa ya nuna mashi, ya kalla ya yi shiru ya ce "Allah ya sani," ya ɗauki fartanyarsa. Ba su da shafi, ba su da mai ɗaukar hoto, ba sa buga riga da hula. Wai kuma suna cin riba, to ɗan abin da ke hawa kai shi ke sayen buhu da gyaran rufin kwano da ɓera da ruwa ke ɓatawa, littafin yana nan, duk wanda ke so ya je a buɗe mashi, na ba da tabbacin ba za a hana shi ba.

Ƙanina mai bidiyo, ban san ka ba kuma ba zan kama sunanka ba. Ka goge, ka hau mashin ka je garin ka yi sallama ka ba su haƙuri, za su ba ka fura ka sha. Masu yaɗawa ku ma ku ji tsoron Allah, da an biye wa masu cewa a fasa da bana gidaje nawa za su kwana ba a ɗora tukunya ba, alhakin a kan wa?

Af, tunda ana maganar sito, waken da suka ajiye bana ƙwari sun yi masu ɓarna sosai don sun ƙi zuba maganin nan mai wari da wasu ke zubawa mutane su ci su kwanta asibiti. Buhun PICS suke nema, mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga ƙwarin su mutu da kansu, amma wanda suka saya a kasuwa jabu ne, ledar kamar ta ƙullin suga. Duk wanda ya san inda ake samun na gaske a Katsina ko Daura ya yi mani magana ta inbos kafin a fara roron wake.