Ensaymada da gurasar Kano

Ƙarfe uku na yamma a Manila, babban birnin Filifin, kowa na neman abin taɓawa, merienda suke ce masa, kuma a gidan burodin bakin layinmu ensaymada ke fara ƙarewa. Burodi ne mai laushin auduga, an naɗe shi kamar gammo, an shafe samansa da bota, an barbaɗa sukari, sannan aka goga cuku a kai. Zaƙi da gishiri a loma ɗaya. Ranar farko biyu na ci a tsaye.

Sai daga baya na ji asalin sunan, gabana ya faɗi. Daga tsibirin Mayoka na Sifen ya fito, kuma "saim" a harshensu kitsen alade ne. Turawan Sifen sun mulki Filifin daga 1565 zuwa 1898, suka tafi suka bar shi. Mutanen nan suka mayar da shi nasu, yawanci da bota ko majarin da gwaiduwar ƙwai. Duk da haka ba na saye sai na tambaya, don har yanzu akwai masu kwaɓi da kitsen.

Gurasarmu ma baƙuwa ce, Larabawa suka kawo ta Kano, yau kuwa wa zai ce wa 'yan Jakara ba tasu ba ce? Amma in ana maganar gina jiki, ni dai gurasa na ba wa gaskiya. Ba a cin ta haka nan. Bandashe ne, da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ko a haɗa ta da tsire, ka ci ka wuni. Ensaymada farar fulawa ce da sukari da mai, babu dusa ko kaɗan. Cukun da ƙwan suna ɗan taimakawa, kuma dokar ƙasar ta shekarar 2000 ta wajabta ƙara wa fulawa sinadarin ƙarfe da bitamin A, to amma bayan awa guda cikina ya soma kuka.

Kada in yi son kai, alkaki ma ba kanwar lasa ba ne wajen zaƙi. Sai dai mu alkaki sai biki, cikin kayan gara, ko da salla. Nan kuwa kullum ne, a kora da kofi mai sukari. Wata uku da zuwana wandona ya ƙi maɓalli.

Yanzu sai ranar Juma'a nake saye, in na dawo daga masallacin Kiyafo. Guda ɗaya, da shayi ba sukari.