Ɗigon da bai kai kaurin gashi ba shi ke riƙe da wutar jirgi

Wanda ya taɓa ƙyasta ashana cikin iska ya san wuyar riƙe wuta. Injin jirgin sama da wannan yake fama kullum, domin iskar da ke shiga ɗakin ƙonewarsa ta ninka saurin harshen wutar kananzir, wato man da jirgin ke sha, sau da yawa. Shi ya sa ake murɗa ta da wasu ƙananan fukafukai ta yi guguwa, zafi ya riƙa komowa baya yana kunna sabon man da aka fesa.

Sai dai kananzir ba ya ci sai ya zama tururi, kuma nan gizo ke saƙar. Ana fesa shi ɗigo-ɗigo, yawancinsu ba su kai kaurin gashin kai ba. Idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, lokacin da zai ɗauka kafin ya koma tururi yakan ninka kusan huɗu. Babban ɗigo sai ya wuce inda wutar take bai gama ƙonewa ba, ya bar kunkunniya da ɓarnar mai. Idan kuma man ya gauraya da iska mai yawa, kamar yadda ake yi a injinan jirgi samfurin GEnx da LEAP don rage gurɓataccen hayaƙi, wutar tana matsowa bakin mutuwa, wani lokaci ta riƙa kaɗawa tana girgiza ƙarfen da ke kewaye da ita.

Wannan ne ya sa nake ganin masu ƙorafin ana jan ƙafa wajen amincewa da sabon man da ake yi daga tsohon man girki da shara ba su yi wa injiniyoyi adalci ba. Gaskiya ne a Nuwamba 2023 jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da irin wannan mai zalla, kuma abin a yaba ne. Amma tafiya ɗaya ba ta isa shaida ba, kuma ƙa'ida ta tsaya a kan a gauraya shi da kananzir, kada ya wuce kashi 50 cikin 100.

Abin da ya fi damuna shi ne injin da ya mutu a sararin sama, inda sanyi ke sa mai ya yi kauri, iska kuma ta yi ƙaranci. A can feshin kan fito da manyan ɗigo, tartsatsin kunnawa ya rasa tururin da zai kama. Kowane sabon mai ya kamata ya ci wannan jarrabawar kafin a cika tankin jirgin fasinja da shi.